Jan ƙarfe da metanol: wace fuska ce ke ba da fomaldehaid?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a ajin ƙarshe a wata jami'a a nan Legas, ina zaune a Agege. Aikin bincikena shi ne mayar da metanol fomaldehaid a kan ragar jan ƙarfe. Ina hura iska ta cikin kwalbar metanol, tururin ya bi ta bututun gilashi mai ragar a ciki, ina dumama bututun. Abu uku sun ɗaure mini kai. In na wanke ragar tana sheƙi na tura metanol da naitirojin zalla, kusan ba abin da ke fitowa. In na gasa ta ta yi baƙi, CO₂ ne ke fitowa da yawa, fomaldehaid ɗan kaɗan. Wani lokaci kuma zafin ragar yana hawa yana sauka da kansa, launinta yana sauyawa. To wane ne katalis ɗin, wato mai hanzarta aikin, jan ƙarfen ko oksaid ɗinsa? Allah ya ƙara sani."

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Amin, kai ma Allah ya sa albarka a karatun.

Kafin komai, ka dakatar da hura iska ta cikin kwalbar nan tukuna. A zafin ɗaki irin namu na Legas, cakuɗin da ke fitowa daga cikinta yana daidai inda yake iya kama wuta ya fashe. Lissafin yana tafe a ƙasa tare da gyaransa.

Ba tare da ka shirya ba, fuska uku ka gwada: jan ƙarfe tsirara, jan ƙarfen da oksaid ya lulluɓe, da wata fuska ta tsakiya da ragar take faɗawa tana fita lokacin da zafi ke hawa da sauka. Ta ukun ce mai ba da fomaldehaid. Jan ƙarfe ne da bai bar matsayinsa na ƙarfe ba, amma akwai ɗan oksijin a samansa da kuma ƙarƙashin shimfiɗar farko ta atam ɗinsa. In oksijin ya yi ƙaranci, metanol ya sauka ya tashi yadda ya zo. In ya yi yawa, sai ƙonewa. Kuma fuskar nan ba a sayo ta, ba a ajiye ta a kwalba; cakuɗin iskar da ke bi ta kanta ne ke yin ta a lokacin aikin.

Maganar tsohuwa ce. A 1867 August Wilhelm von Hofmann ya samu fomaldehaid ta hanyar tura tururin metanol da iska a kan wayar filatinam mai zafi. A 1886 Oskar Loew ya yi da jan ƙarfe, kuma da shi masana'antun farko a Jamus suka fara. Daga 1910 azurfa ta fara ture shi, a 1931 kuma Adkins da Peterson suka fito da oksaid ɗin baƙin ƙarfe da molibdenam. Yau waɗannan biyun ne ke masana'anta: azurfa a 600 zuwa 720 °C da metanol mai rinjaye, ɗayan a 250 zuwa 400 °C da iska mai rinjaye. Jan ƙarfe ya bar wannan fagen, amma ba a daina nazarinsa ba, domin a kansa aka fi ganin matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne ke cikin katalis ɗin Cu/ZnO/Al₂O₃ da ake haɗa metanol ɗin kansa da shi tun 1966.

Ka riƙe waɗannan uku da zafin da kowanne ke ci ko bayarwa, don da su za mu fassara hawa da saukar da ka gani:

CH₃OH → H₂CO + H₂, yana cin kJ 84 a kowane mol.
CH₃OH + ½O₂ → H₂CO + H₂O, yana ba da kimanin kJ 159.
CH₃OH + 1½O₂ → CO₂ + 2H₂O, yana ba da kimanin kJ 675.

Abin da aka gani a fuskar kiristal guda

Aikin da ya buɗe ƙofa shi ne na Israel Wachs da Robert Madix a Jami'ar Stanford ta Amurka, 1978. Sun ɗauki kiristal guda na jan ƙarfe da aka yanka a fuskar da ake kira Cu(110). Atam ɗin wannan fuska a jere suke kamar kunya a gona: a kan kunya ɗaya tazararsu angstrom 2.55, daga kunya zuwa kunya 3.61, da kwari a tsakani. Ana sa kiristal ɗin a ɗakin ƙarfe da aka zuƙe wa iska har matsinsa ya sauka zuwa wajen 10⁻¹⁰ miliba. Dole ce ta sa haka: a matsin 10⁻⁶ tor, sakan ɗaya ya isa iskar da ta rage ta rufe fuskar gaba ɗaya, a 10⁻¹⁰ kuwa kana da sa'o'i. Ana goge fuskar da harbin ayon na agon, a gasa ta ta daidaita, a sanyaya, a ɗora abin da ake so, sannan a riƙa ƙara zafi a hankali, digiri kaɗan a sakan, na'urar auna nauyin molekul tana rubuta abin da ke tashi da zafin da ya tashi a kai. Wannan shi ne TPD.

A fuska tsirara, mafi yawan metanol yana tashi tun kafin a kai zafin ɗaki, bai karye ba. Ƙarfin da ya riƙe shi bai kai ƙarfin da ake bukata a fizge H daga O–H ba, saboda haka tashi ya fi masa sauƙi. Russell, Gates da Yates sun ga haka a Cu(111) a 1985, ita ma ta fi (110) taurin kai. Ragarka mai sheƙi ke nan. Ba wai ba ta yin komai ba ne sam. Jan ƙarfe mai faɗin fuska yana cire haidirojin daga metanol a 200 zuwa 250 °C ya ba da metil fomet, HCOOCH₃. Sai dai raga ba ta da faɗin fuska, 'yan santimita murabba'i ne kawai, shi ya sa abin da ta yi bai isa ka gani ba.

Da suka fara ɗora ɗan oksijin kafin metanol, sai labari ya sauya. Atam ɗin oksijin da ke zaune a kan ƙarfe ya ja caji daga ƙarfen, ya zama mai kwaɗayin H. Shi ke fizge H na metanol, a samu metoksi, CH₃O, da OH. Wannan OH ɗin ya fizge na metanol na biyu ya zama ruwa ya tashi. Wato oksijin ɗaya yana haifar da metoksi biyu:

2CH₃OH + O → 2CH₃O + H₂O

Hujjar da suka kawo ita ce ta fi burge ni a aikin, don ba ta bar wurin gardama ba. Sun ɗora oksijin mai nauyi, ¹⁸O, suka kawo metanol mai alama, CH₃OD. Ruwan da ya fito ya fito da ¹⁸O da D. Fomaldehaid ya fito da ¹⁶O ɗinsa na asali. Ma'ana, oksijin ɗin iska ba ya shiga cikin fomaldehaid ko kaɗan, kuma haɗin C–O na metanol bai taɓa karyewa ba. Sunan aikin dai ƙara oksijin, amma a zahiri cire haidirojin ne, oksijin kuma aikinsa buɗe mataki na farko. Ɗalibai da yawa suna zana hanyar da O yake manne wa kabon ya zama fomaldehaid. Wannan zanen kuskure ne.

Metoksi yana tsaye ne da ƙafarsa ta oksijin a kan jan ƙarfe, CH₃ yana sama. Sexton ya gan shi a Cu(100) a 1979 ta hanyar auna girgizar haɗe-haɗensa: alamar O–H ta wajen 3300 cm⁻¹ ta ɓace, ta C–O ta tsaya kusa da 1000 cm⁻¹. Yana nan daram har sai zafi ya kai tsakanin 350 da 400 K. A nan yake karkatawa, H ɗaya na CH₃ ya taɓa jan ƙarfen da ke gefe ya rabu, H₂CO ya tashi nan take domin jan ƙarfe ba ya riƙe shi da ƙarfi. H ɗin da ya sauka hanya biyu gare shi: ya haɗu da wani H su tashi a matsayin H₂, ko ya koma kan wani metoksi ya mayar da shi metanol. Shi ya sa a TPD fomaldehaid, H₂ da metanol suke fitowa a zafi ɗaya. Karyewar C–H ɗin nan ita ce mataki mafi jinkiri. In aka yi da CD₃OH, ƙololuwar fomaldehaid a TPD tana matsawa zuwa zafi mafi girma. In ka sa 370 K a lissafin Redhead, mai fitar da tsayin shingen karyewa daga zafin ƙololuwar TPD, da 10¹³ a sakan da ɗumamawar K 5 a sakan, za ka samu shinge na kimanin kJ 94 a mol. Gwada da kanka, lissafin layi ɗaya ne.

Me ya sa abin ya tsaya a fomaldehaid? A kan nikel, faladiyam da filatinam, metoksi yana ci gaba da zubar da H har ya zama CO da H₂, don waɗannan ƙarafa suna kama fomaldehaid ta C da O duka biyu su kwantar da shi. Rukunin lantarki na d na jan ƙarfe a cike yake, kuma ya yi ƙasa da matakin Fermi, wato matakin ƙoli da lantarkin ƙarfen ke cikawa, da fiye da eV 2, saboda haka ba shi da hannun da zai riƙe shi. Raunin nan nasa shi ne amfaninsa.

Bakin sarƙa

Bowker da Madix sun lura a 1980 cewa aikin ya fi ƙarfi in oksijin ya kai kwatan shimfiɗa, wato O ɗaya ga kowane atam huɗu na jan ƙarfen saman fuska, kuma in ya kai rabi, fuskar ta kusa mutuwa. Dalilin bai fito fili ba sai da STM ta zo, na'urar da ke nuna atam ɗaya-ɗaya. A 1990 ƙungiyar Gerhard Ertl a Jamus da ta Besenbacher a Aarhus ta Denmak suka nuna cewa oksijin ba ya zama a warwatse a Cu(110). Yana jawo atam ɗin jan ƙarfe daga gefen matakala ya gina sarƙoƙi, Cu–O–Cu–O, masu ratsa kunyoyin a gicciye. Sarƙoƙin suna jeruwa gefe da gefe da tazarar angstrom 5.1, su zama tsibirai masu tsarin da ake rubutawa (2×1). In sun rufe ko'ina, rabin shimfiɗa ke nan.

Sai Leibsle, Bowker da abokan aikinsu a Liverpool suka saki metanol a kan waɗannan tsibirai suna kallo. Tsibiran ba su lalace ta gefe ba, ba su huje a tsakiya ba. Gajarta suka riƙa yi daga baki. Oksijin na tsakiyar sarƙa yana da jan ƙarfe ta kowane ɓangare, ya ƙoshi, ba ruwansa da H na kowa. Na bakin sarƙa ne mai gurbi a buɗe. In an cinye shi, na bayansa ya zama baki, haka har sarƙar ta ƙare, metoksi kuma yana taruwa a filin da aka share cikin tsarinsa na (5×2).

To ka ga abin da kwatan shimfiɗa ke nufi: rabin fuskar tsibirai, rabi fili. Akwai bakuna da yawa, akwai inda metanol zai sauka, akwai inda metoksi biyu na kowane oksijin za su tsaya, akwai kuma jan ƙarfe tsirara da zai karɓi H in lokacin karyewar C–H ya yi. A rabin shimfiɗa oksijin ya ninka, amma bakuna sun yi ƙaranci, fili kuma babu. Adadin oksijin kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san yadda ya jeru.

Inda CO₂ yake fitowa

Oksijin yana da aiki na biyu, shi ne mai ɓata maka kaya. Kabon na fomaldehaid yana da ƙarancin lantarki, saboda haka in fomaldehaid ya fito ya tarar da sauran oksijin a kusa, oksijin ya kai wa kabon hari, a samu H₂COO, ya zubar da H ɗaya ya zama fomet, HCOO. A gwajin Wachs da Madix, CO₂ ya fito ɗauke da ¹⁶O ɗaya da ¹⁸O ɗaya, daidai yadda wannan hanya ta tanada. Fomet yana kama jan ƙarfe biyu da oksijin ɗinsa biyu, ya fi metoksi zama daram, ba ya karyewa sai a 470 zuwa 490 K, wato daga wajen 200 °C, CO₂ da H₂ su fito tare. Redhead zai ba ka wajen kJ 120 zuwa 125.

Abu biyu za ka ɗauka daga nan zuwa benci. Na farko, tsere ne tsakanin metanol da fomaldehaid a kan oksijin ɗaya: in metanol ya yi yawa ya cinye oksijin kafin fomaldehaid ya same shi, ka tsira. Na biyu, ƙasa da 200 °C fomet yana taruwa ya toshe fuskar, aikin ya mutu a hankali ko da ya fara da kyau. (Hanta ma wannan jerin take bi: metanol, fomaldehaid, sannan fomik asid, wanda shi ke makantar da mai shan ogogoro da aka gurɓata, irin abin da ya faru a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015.)

A kan oksaid sosai, Cu₂O ko baƙin CuO, kowane kabon kewaye yake da oksijin, kuma in an cinye na sama, na ciki ya hauro. Fomaldehaid ba shi da hanyar tsira. Ragarka baƙa ke nan. A nan ne kuma azurfa ta fi: zafin samuwar Cu₂O kimanin kJ −169 ne a mol, na CuO −157, na Ag₂O kuwa −31 kacal. Oksaid ɗin azurfa yana rushewa tun a wajen 200 °C, saboda haka a 650 °C ko ta so ba za ta iya zama oksaid ba. Jan ƙarfe kullum a bakin rami yake.

Raga ba kiristal ba ce

Duk abin da na faɗa a sama an gan shi ne a fuskar kiristal guda, a sanyi, a matsin da ya gaza na bututunka sau 10¹³. Raga tana da fuskoki iri-iri da iyakokin ƙwayoyi, kuma aikin kansa yana sassaƙa ta; in ka duba tsohuwar raga a madubin ƙara girma za ka ga ta yi kaushi da ramuka. Ƙungiyar Robert Schlögl a Cibiyar Fritz Haber ta Balin ce ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi. A 2004 Bluhm da abokansa sun auna fallen jan ƙarfe da XPS, na'urar da ke gane atam ɗin fuska da hasken X-ray, yana tsakiyar aiki, a miliba 0.6 da 400 °C, suna sauya rabon metanol da oksijin. In oksijin ya rinjaya, fuskar ta zama Cu₂O, CO₂ ya yi yawa. A rabon metanol 3 oksijin 1, fuskar ƙarfe ce, fomaldehaid ya fi yawa, kuma yawansa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wata alamar oksijin da suka danganta da ƙarƙashin fuska. Alamar tana ɓacewa in an dakatar da aikin.

Inda wannan oksijin yake zaune takamaimai, da ko shi ke fizge H da kansa ko gyara halin jan ƙarfen da ke samansa kawai yake yi, har yanzu masana ba su haɗu a kai ba. Kuma miliba 0.6 ba matsin bututunka ba ne. A rahotonka ka rubuta cewa sakamakonka ya dace da wannan fassara. Kada ka rubuta cewa ka tabbatar da ita, kayan benci ba sa iya wannan. Ido ma ba shaida ba ne: siririn Cu₂O ja ne, ka iya ɗaukarsa ƙarfe. Ko a XPS layin Cu 2p na biyun kusan wuri ɗaya yake, 932.5 eV, sai an duba wani layin da ake kira Auger, 918.6 na ƙarfe da 916.8 na Cu₂O.

Hawa da saukar zafin ma an rubuta shi, ƙungiyar Balin ɗin ta wallafa a 1997. Duba lambobi ukun nan na farko. Raga ta yi oksaid, tana ƙone metanol, kJ 675 a mol, zafi ya hau. Ƙonewa tana cin oksijin ninki uku na abin da yin fomaldehaid ke ci, saboda haka iskar da ke jikin ragar ta talauce, metanol ya juya kan oksaid ɗin ya cinye shi, jan launi ya dawo. Yanzu fomaldehaid ake yi, wani ma ta hanyar da ke cin zafi, raga ta huce, oksijin ya sake taruwa, oksaid ya dawo. Abin yana faruwa ne in rabon iskarka ya faɗa kan iyakar ƙarfe da oksaid. Naka kuwa a can yake.

Gyaran kayan aiki

Ga lissafin. A 30 °C matsin tururin metanol kimanin kPa 22 ne, wato kashi 21 zuwa 22 cikin ɗari na abin da ke fitowa daga kwalbarka. Metanol yana kama wuta a iska daga kashi 6 zuwa 36. Kana tsakiya, ga raga mai zafi a gaba, harshen wutar metanol kuma da rana da kyar ake ganinsa. Oksijin a cakuɗin kashi 16.5 ne, rabo 1.3 da 1, ya yi nisa da 3 da 1. Matsalar tsaro da matsalar sakamako tushensu ɗaya.

Ka raba layi biyu. Naitirojin zalla, mL 100 a minti, ya bi ta kwalbar metanol da ke zaune cikin ƙanƙara da ruwa. A 0 °C matsin tururin kPa 4 ne, zai ɗauko kimanin mL 4.1 na tururi a minti. Iska ta zo ta nata layin su haɗu gab da bututu: mL 3.3 don rabon 6 da 1, 6.5 don 3 da 1, 9.8 don 2 da 1, 19.5 don 1 da 1, 39 don 1 da 2. A duk waɗannan metanol bai kai kashi 6 ba. Ƙanƙarar tana da wani amfani: kwalba a zafin ɗaki tana hucewa da kanta yayin da metanol ke tashi, zafin ɗakin ma na safe daban da na azahar, saboda haka abin da kake turawa yana sauyawa ba ka sani ba. Ƙananan gudun nan kuwa kada ka yarda da maƙunnin kawai, ka auna da kumfar sabulu a burat da agogo.

Bututun kwaz ya fi. Gilashin Pyrex zai yi in ba za ka wuce 450 °C ba. Kada ka yi amfani da bututun ƙarfe, yana rusa fomaldehaid zuwa CO da H₂. Tamokoful ma, wato ma'aunin zafi na waya, rigarsa tana da nikel, ka sa shi cikin siririn bututun gilashi mai rufaffen baki ya taɓa ragar, na biyu kuma a jikin murhu. Bambancin biyun shi ne ma'auninka mafi araha: in na raga ya yi tsalle ya bar na murhu, ƙonewa ta fara.

Jan ƙarfen kansa a bincike shi. Wayar naɗin injin lantarki tana da fenti, wata wayar an shafe ta da kuza, wayoyi masu araha da yawa kuma alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa ka ga cikin. A wanke da asiton, a tsoma cikin naitirik asid mai ruwa-ruwa na 'yan sakanni, a ɗauraye da tataccen ruwa. Ban da HCl, ban da ruwan famfo, ban da taɓawa da hannu. Kulorin guba ne ga jan ƙarfe: CuCl yana narkewa a wajen 425 °C, yana yawo a fuska yana haɗe ƙwayoyi. A garin da iska ke ɗauke da gishirin teku, raga da aka bari a buɗe a kan benci ta riga ta kwasa, sai a ajiye ta a rufaffiyar kwalba mai silika. Sulfa ma haka: in famfon iskarka yana shaƙa kusa da janareton dizal, ka sa matatar gawayi da silika a layin. Metanol ɗin, ko daga kasuwar Ojota ya zo ko daga ma'ajiyar sashenku, ka tabbatar shi ne: yana tafasa a 64.7 °C, etanol a 78.4, kuma etanol yana ba da rawayan ayodofom, metanol ba ya bayarwa. Abin da ake sayarwa da sunan sifirit yawancinsa etanol ne, asetaldehaid zai ba ka.

Tsarin kunnawa yana da muhimmanci ƙwarai. Naitirojin shi kaɗai na minti 15, a hau zuwa 300 °C, a saki metanol ba iska na rabin awa ya cinye duk oksaid, sannan a shigo da iska daga mafi ƙanƙanta, a ba kowane mataki minti 20 zuwa 30 kafin a ɗauki samfur. Wajen kashewa iska ce ke fara tsayawa, sannan metanol, a huce cikin naitirojin. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, hannunka ya fara zuwa kan maƙunnin iska. In ba haka ba ragar za ta yi oksaid tana hucewa, in wuta ta dawo ka ci gaba da wani katalis daban da wanda ka fara da shi.

Daga bakin murhu zuwa tarko a gajarta layin, a naɗe shi da abin ɗumi ya wuce 120 °C. In ya yi sanyi, fomaldehaid yana daskarewa ya zama farin gari a bango, ka ɗauka bai samu ba alhali yana manne a hanya. Tarko biyu a jere, ruwa cikin ƙanƙara. Metanol da kake turawa kimanin milimol 10 ne a awa. Ko kashi 30 ya zama fomaldehaid, milimol 3 ke nan, wajen miligiram 90, wanda titireshan na sodiyam salfait zai ci mL 30 na asid ɗin HCl mai ƙarfin 0.1 M. In ya fi haka ƙanƙanta, ka koma ga ruwan Nash, wanda ke zama rawaya da fomaldehaid, a auna a nm 412. In GC, na'urar rarrabe iskoki, za ka yi amfani da shi, ma'aunin harshen wuta, FID, kusan ba ya ganin fomaldehaid, ma'aunin ɗaukar zafi, TCD, ake so. Kada ka gwada da hanci; tun 2004 hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa shi a rukunin farko na masu jawo sankara, abin da ya fita daga tarko na biyu a kai shi waje.

Ka yi gwaji ɗaya da bututu ba raga, don ka san abin da bango da zafi ke yi su kaɗai. Ka haɗa lissafin kabon kowane lokaci: metanol da ya shiga, da wanda ya fita, da fomaldehaid, da CO₂, in sun gaza kashi 90, nemi CO, metil fomet ko farin garin nan. Sannan a 350 ko 400 °C ka bi rabon iska daga 6 da 1 har 1 da 2, ka sake dawowa baya mataki-mataki. Lambobin tafiya da na dawowa ba za su zo ɗaya ba, domin oksaid da ya riga ya kafu ba ya rushewa a daidai inda ya fara kafuwa. Ka zana layukan biyu a takarda ɗaya, da bambancin tamokoful biyun a ƙarƙashinsu, ka rubuta launin ragar a kowane mataki.